Zabuwar Iya da Tafiyar Sabuwa

Shekarar da aka shirya tafiya Sabuwa ban wuce ɗaukar ƙaramin tulu ba, ƙanena Sani kuwa bai daɗe da yaye ba. A Yargoje muke. Innarmu 'yar Sabuwa ce, kuma tun da aka haife mu tsohuwarta ba ta taɓa sa mu a ido ba, sai dai gaisuwa a bakin fatake. Da aka gama girbi Baba ya ce za a je. Murna ta hana ni cin tuwo.

Kashegari na ji yana gaya wa Inna cewa su biyu za su tafi, yara su zauna gida. Shi mai fataucin gishiri ne da jakuna, ya saba da sammako da tafiya ba waiwaye. Ya ce ba zai iya da "zan sha ruwa, zan yi fitsari" a gindin kowace tsamiya ba. Na yi kuka har da majina.

Iya, kakarmu ta wajen uba, ita ke yi mana tatsuniya. Bayan isha'i takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Baba ne ɗanta na fari, don haka alkunya ta hana ta kiran sunansa, balle yi masa magana kai tsaye. In tana son ya ji abu, sai ta gaya wa bango ko akuya. Ran nan yana gefe yana ɗinkin akumarin jaki, sai Iya ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga ta nan, ta ishe ku har gida."

"Ta shigo mu ji ta!"

Wai Zabuwa da Kaza ne gwaggonsu ta aiko tana son ganinsu, can ƙetaren daji. Zabuwa ta ce 'ya'ya kaya ne, ta tura nata ƙarƙashin sabara, ta tashi fir, kafin hantsi ta isa. Gwaggo ta leƙa bayanta, ta sake leƙawa. Nan Iya ta maƙale murya irin ta tsohuwa mara haƙori: "Ina ɗiyan? Ke ai na san ki tun kina ƙwai, mi zan kalla jikinki? Zanen?" Ƙaiƙayi aka zuba wa Zabuwa. Kaza kuwa ta sa ɗan autanta a gaba, inda ya gaji nan ne zango. Ta isa a makare, buɗu-buɗu, amma ita aka buɗe wa rumbu.

"Tahiya da ɗiya, ƙaraminsu shi ne madugu," in ji Iya. Sai ta juya ta fuskanci bango. "Amma hwa wani mai jakuna bai san haka ba. Ya mance wadda ta goyo shi tun daga Pauwa, tana tsayawa gindin kowace kuka don shi yi zawo."

Muka tuntsire da dariya, har Inna da ke cikin ɗaki. Baba ya soki yatsa da basilla. Ya daɗe yana tsotsa, sannan ya dubi jakinsa ya ce, "A gaya wa mai tatsuniyar ga, zabuwa ta ji."

Daga nan shirin ya zama namu. Inna ta daka dakuwa, ta toya ƙuli-ƙuli, aka wanke goran ruwa. Baba ya rage nisan zangunansa, ya aika wa wani amininsa a Faskari cewa za mu kwana. Aka sa Sani a ɓangare ɗaya na mangala, ƙullin dawa a ɗayan don kada ta rinjaya, ana zagaya gida da shi har ya saba. Ni aka saya mini takalmin fata, na ƙi sawa don kada ya tsufa.

A hanya Sani ya yi mulkinsa son rai. In ya ce ruwa, ayari ya tsaya. Baba na ƙunƙuni, amma shi ke sauke shi. Da muka shiga Sabuwa, wata 'yar siririyar tsohuwa ta fito ba mayafi, ta wuce Baba da gaisuwarsa a baki, ta wuce 'yarta, ta ciro Sani daga mangala, ta jawo ni jikinta tana kuka tana dariya. Ganinmu da ita na farko ke nan, kuma Allah bai ƙaddara na biyu ba.

Na daɗe ina zaton Iya dariya kawai ta ba mu. Sai da na aurar da 'ya'ya nesa na gane abin da ta hango wa waccan tsohuwa. Yanzu in na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, ɗana ya yi sallama, ina amsawa ne idona na bayansa.