Adda Hafiza da jijiyar Hammadu mai soya

Kowace safiya, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma kun san Douala, yawanci ana yi, Adda Hafiza takan fito daga lungunsu a New Bell da takalmin roba da lema, ta tare bensikin, wato ɗan acaɓa, ta nufi asibiti. Da la'asar ta dawo, kan yatsunta shuɗi-shuɗi, tana warin magani. Haka muka taso muka gan ta. Watan jiya ta yi ritaya, na ce sai na rubuta mata jinjina. Da na zauna sai na ga ban ma san da wane suna zan kira aikinta ba.

Ba ni kaɗai ba ne. Matan unguwa na ce mata Dokta, tana cewa ita ba likita ba ce. Wasu sun rantse rini take yi wa zannuwan asibiti. Wani ya ce gawa take yankawa, har aka ɗan ja baya da cin tuwonta. In an tambaye ta sai ta ce, "A labo nake," ta wuce. Me ake yi a labon? Oho.

Ɗan abin da na sani, ta dalilin aminina Hammadu mai soya, wato mai tsire, na san shi.

Wuƙa ta zame masa a wuyan hannun dama, ta yanke jijiya, ba ta jini ba, wadda ke kai ji zuwa yatsu. Raunin ya warke, amma yatsu uku suka zama kamar ba nasa ba. Sai wani ƙullutu ya fito a tabon, in an taɓa ya zabura. Likita ya yi masa aiki, ya cire ƙullutun, ya haɗa jijiyar, ya ce a jira, a riƙa zuwa ana motsa hannun. Hammadu ya je na ɗan lokaci ya daina. "Hannun ya mutu," in ji shi. Ya fara maganar barin tukubarsa ya koma Garoua ya zauna gidan wansa. Mutum mai 'ya'ya a makaranta fa!

Abu ɗaya ya tsayar da shi. Ya ce naman da aka cire daga jikinsa sai an ba shi ya binne, ba za a jefa jikin Musulmi a shara ba. Ya ja ni asibiti. Aka yi ta tura mu daga wannan ƙofa zuwa waccan, har ɗakin ƙarshen baranda. Wa za mu gani? Adda, cikin farar riga.

"Adda! Nan ne labon?"

"Nan ne. Lafiya, Hammadu?"

"Namana na zo karɓa."

Ba ta yi dariya ba. Ta duba, ta ɗauko wani ɗan curin kaki irin na kyandir, ta ce naman yana ciki. Ashe aikinta ke nan: abin da aka ciro daga jikin mutum, ita ke daskarar da shi cikin kaki, ta yanka shi ya fi ɓawon albasa sirantaka, ta shimfiɗa a gilashi, ta rina, likita ya duba ya faɗi ko mene ne. Ashe masu cewa rini ba su yi ƙarya ba, masu cewa yanka ma haka.

Hammadu ya zaro ido. "Adda, kin yanka ni kin rina ni?"

"Na yanka ka, na rina ka. Likita ya riga ya duba, ba ciwon daji ba ne. Zo ka gani."

Ta sa gilashi a mikroskop, na'urar nan mai mai da ƙanƙanin abu ƙato. Ta fara nuna mana lafiyayyar jijiya: zare-zare kwance a jere, kowane da rigarsa mai kauri. Sannan ta sa tasa. Jama'a! Siraran zare ne curi-curi, wannan ya yi gabas, wancan ya juyo baya, wasu sun nannaɗe juna, kamar wayoyin wuta a kan falwayar New Bell.

Na ce, "Wannan ai lalacewa ce."

"A'a, tsiro ne. Duk siraran nan sababbi ne, shi ya sa rigarsu ba ta yi kauri ba. Da wuƙa ta raba ta, sai ta yi ta tsirowa tana neman ɗaya ɓangaren. Ba ta samu hanya ba, ta dunƙule."

Hammadu ya ɗago kai. "To ta mutu ne ko tana da rai?"

"Ta gilashin nan ta mutu. Ta hannunka tana nan, kuma likita ya nuna mata hanya."

"Za ta kai yatsun?"

"Wallahi ban sani ba. Tafiyarta ta wata da watanni ce. Amma in ka bar yatsun suka sandare, ko ta iso ba ta da abin motsawa."

Curin kuwa ta ce dole ya zauna a labo, amma ta yi alkawari ba zai shiga shara ba. Ni dai na fito kaina na juyawa, na kasa gane yadda ruɗani zai zama alamar rai. Washegari Hammadu ya koma wurin motsa hannu.

Adda, ke ce ba ki sallame shi da "ça va aller", wato "za a ji sauƙi", ba. Kin faɗa masa abin da kika sani, kin ce ba ki san sauran ba. Mutum nawa a unguwar nan suka ji "ba daji ba ne" suka yi wa likita godiya, suka wuce ki a hanya ba su san da hannunki a ciki ba?

Ranar walimar ritayarki, Hammadu ya ce shi zai yanka naman, kuma da hannun dama. Yana cikin yanka sai muka ji, "Wash!" Wuƙa ta ɗan taɓa manuninsa. Jini na fita a manuni, shi kuwa ya cusa yatsan tsakiya a baki. Muka yi sororo. Kika ce wasu zarurrukan jijiyar sun shiga yatsan da ba nasu ba, shi ya sa ya ji zafin a can, a hankali ƙwaƙwalwa za ta saba. Ni ban gane ba. Shi ma bai gane ba, yana dai dariya hawaye na zuba yana cewa, "Da zafi! Wallahi da zafi!"

Mun gode, Adda Hafiza, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. 'Yan matan New Bell, kujerarta na neman mai zama, ku je ta koya muku tun idonta na gani. In kun tafi ku biya ta bakin titi ku gaida Hammadu, yana nan a tukubarsa.