Bulalar da na miƙa wa ƙanwarsa

Jikata tana shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. An ba su aikin bincike kan yadda tsoro yake shafar karatun yara, sai ta ga ba sai ta yi nisa ba, tunda ga tsohon malami a gida. Ta zo Unguwar Boro ran wata Asabar, ta ajiye wayarta a kan benci tana ɗaukar maganata.

"Tsoho, da me kuke sa yara su mai da hankali a zamaninku?"

"Da bulala mana, amarya. Da alewa kike zato?"

Ni ba zurfin karatu na yi ba. Ƙaramar takardar koyarwa ce gare ni, kuma abin da aka yi mini ina yaro shi na yi wa 'ya'yan mutane. Kowace safiya akwai lissafin ka. Yara su jeru, in jefa tambaya. Duk wanda ya kasa ya koma gefe, wanda ya ci kuma in miƙa masa bulala ya yi musu bibbiyu. A ganinmu dabara ce: mai ƙoƙari ya ji daɗi, rago ya ji kunya.

Jikata ta ce an koya musu cewa yaron da yake tsoro rabin hankalinsa yana kan hannun malam, kuma yara sukan auna abin da amsarsu za ta jawo kafin su buɗe baki. Sannan ta tambaye ni ko na san wani da wannan hanya ta cutar. Na ce babu. Ƙarya na yi mata.

Akwai wa da ƙanwa da na koyar a aji biyar, 'ya'yan wani mutumin Filato mai aiki a masaƙa. Yaron ya girme ta da shekara uku, maimaita aji ne ya haɗa su. Wata safiya na ce bakwai sau takwas. Ya kasa. Ita ta amsa daidai. Na miƙa mata bulala, ta ɓoye hannunta a baya.

"Malam, yayana ne."

"A ajin nan babu yaya."

Ta ɗan taɓa shi. Na ce in ba ta yi da ƙarfi ba, ni zan yi mata huɗu. Ta yi. Ranar har ƙofar gida yara suka raka shi suna cewa, "Yaya, ka gaishe da babbar ƙanwa!" A garinsu da namu duka, ƙarami ba ya ɗaga wa babba hannu. Na sani sarai. Yaron ya ƙarasa zangon, bai sake dawowa ba.

Bayan tafiyar jikata abin ya tsaya mini a rai. Na yi ta tambaya a coci har aka ce mini yana walda a unguwar Kamazou. Na hau keke na je, da niyyar in roƙe shi gafara.

Na same shi yana haɗa wata ƙofar ƙarfe, furfura ta fara fito masa. Ya cire baƙin gilashinsa ya dube ni.

"Malam! Kai ne da ƙafarka? Hamsin da shida ne fa, Baba, kada ka ce har yau ban iya ba."

Ya share mini benci da hannun rigarsa. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama.

"Ni ya wuce, Malam. Da ma kaina ba na boko ba ne, kuma ƙarfen nan ya riƙe ni. Amma ƙanwata fa? Ba ka lura daga ranar ba ta sake cin tambayarka ba?"

Na lura. Har na rubuta a katin sakamakonta cewa ta fara wasa da karatu, na kuma gaya wa babansu ya ƙara matsa mata.

"Duk ta san amsoshin," in ji shi. "A hanyar gida take jera mini su ɗaya bayan ɗaya. Ta gwammace a doke ta da a sake ba ta bulalar nan. Ko bayan na bar makarantar, haka ta ci gaba."

Da aka ce mu fitar da waɗanda za a shirya wa jarrabawar shiga sakandare, ni na riƙe biro. Na tsallake sunanta. Babansu ya yarda da maganar malam, ya ce tunda ba ta so, ta zauna ta taya uwarta. Yarinyar da take cewa nas za ta zama ke nan. Yanzu tana sayar da hatsi a kasuwar garinsu. Shekara da shekaru ina damuwa da wanda aka doka, ban taɓa tunanin wadda na sa ta yi dukan ba.

Ya ba ni lambarta. Sai da na yi kwana huɗu kafin na iya kira.

"Wane malam?" ta ce. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayanta.

Na faɗi ajin, na faɗi safiyar, na faɗi sunan da na tsallake, wanda ina jin ba ta taɓa sanin ni ne na tsallake shi ba.

"Na ji, Malam."

"'Yata, kin yafe mini?"

"Malam, akwai masu saye a gabana. Sai an jima."

Ba ta yi mini tsawa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ban sake kira ba. Na taɓa tilasta mata yin abin da ranta bai so ba, ba zan ƙara da wannan ba.