Ɗakin Ƙasa na Malam Salifou

Shekara ashirin da takwas Malam Salifou ya yi yana leburanci a wuraren gini na Paris, makwancinsa kuwa bai taɓa wuce gado ɗaya a gidan ma'aikata na Stains ba. Bai yi makarantar lantarki ba, amma mutum ne mai ido. Yana riƙe wa masu aikin wuta tsani yana kallon hannunsu, har ya gane jar waya ce mai cizo, mai kore da rawaya kuma ita ke kai haɗari ƙasa. Duk Badamagaren da butar shayinsa ta mutu a gidan, ƙofarsa yake bugawa.

Ɗa ɗaya gare shi, Bukari, direban bas a Lyon. Da yake ɗan fari ne, Malam bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce "yaron nan". Da Bukari ya sayi ɗan gida a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, sai ya sauka da ubansa ɗakin da ke ƙarƙashin gidan, wuri mai sanyi da warin laima.

"Baba, in an gyara nan, naka ne," in ji Bukari. "Ka baro Stains, ka zo ka huta cikin jikokinka."

Malam ya dubi rufi ya ce, "Akwai aiki." Iyakar abin da kunya ta bar shi ya faɗa ke nan, amma a ranar nan farin ciki har abinci ya hana shi ci.

Wata tara yana hawa bas zuwa Lyon duk ƙarshen mako. Ya toshe laima, ya lulluɓe bango, ya zura wayoyi cikin bututun roba. Kowace na'urar ɗumama ɗaki ya ja mata layinta da waya mai kauri, don ya sha ganin abin da rowar waya ke jawowa. Wuraren jona wuta ya ɗaga su daidai ƙugu saboda gwiwoyinsa sun daina son durƙuso. Na'ura ɗaya ya kafa ta kusa da bangon alƙibla. A akwatin wuta kuma ya rubuta wa kowane maɓalli sunansa da ajami, tunda shi zai riƙa karantawa.

Da aiki ya kusa ƙarewa ya yi sallama da mutanen Stains, ya rabar da tukwanensa. Ya je Lyon da ƙwan fitila na ƙarshe a aljihu, sai ya tarar da takalman baƙi a bakin ƙofar ɗakin, ga gadaje biyu a ciki. An ba ɗalibai haya.

"Na ɗan lokaci ne, Baba, wallahi," in ji Bukari yana susar ƙeya. "Ai ka saba da Paris, ga abokanka can."

Ka saba! Sai ka ce wanda ya saba da wahala ya daina jin ta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abin ya ci Malam ƙwarai, amma uba ba ya ja-in-ja da ɗan fari. Ya hau kujera ya ɗaura ƙwan, ya kama hanyar tasha. A Stains, tukunyar da ya bayar kyauta ita ya koma yana ara.

Cikin Janairu, bayan la'asar, wayarsa ta yi ƙara.

"Baba, ina wuni? Kuran ya ɗauke, babu wuta a gefe ɗaya na ɗakin ƙasa, ɗaliban suna kukan sanyi. Na buɗe akwatin, rubutunka ba na iya karantawa."

Malam ya rufe ido, akwatin ya zo masa tsaf. "Na huɗu daga dama. Danna shi ƙasa sosai, sannan ka ɗaga."

"Yauwa, ya kawo! Me ka rubuta a kansa, in sa da Faransanci?"



"Na rubuta 'wurin sallata'," in ji Malam. "Goge, ka sa abin da ka ga dama, Bukari."

Shekara talatin da shida Bukari ya yi a duniya, ranar ya fara jin sunansa a bakin ubansa.