Anti Zauna-Tukuna da ƙofar da ba ta da kwaɗo

Kafin masu shara su gama da barandar benenmu, Anti Zauna-Tukuna ta riga ta iso. Daga nesa ake gane takunta, ƙafa ɗaya tana ɗan ja saboda ciwon gwiwa, ga jarkar ruwa a hannu wadda ba ta taɓa yarda wani ya karɓar mata ba. Sai ta juye ruwan a cikin kula, ta zuba ƙanƙara, ta wanke kofunan silba ta kife su a faranti, ta jawo kujeru biyu gefen taga. Daga nan ta zauna ta rufe ido, hannuwa a cinya, tana bin numfashinta. Ni da ofishina ke jikin nata, na sha leƙawa in ce, "Yaya, barcin safe ake yi a bakin aiki?" Ko ido ba ta buɗewa take mayar mini: "Mai lissafi, je ka ka zabga wa 'ya'yan mutane sifili, sai ka turo mini su."

Ita ce mai ba ɗalibai shawara a jami'armu, ita kaɗai tilo, ga yara dubbai. A makon jiya ta ajiye aiki, kuma an riga an sanar cewa ba za a ɗauki wani a madadinta ba. Ina wannan rubutu ne raina a jagule, don ban san inda yaran nan za su nufa ba yanzu.

Lokacin da ta kama aiki, allon da ke ƙofarta kaɗai ya isa ya kori mutum. Ɗalibai sun raɗa wa wurin suna ɗakin masu taɓuwa. Duk wanda aka gani ya shiga, kafin ya fito labari ya zaga ɗakunan kwana. Ta yi makonni tana zaune tana kallon bango, alhali yara na ta ciwo a cikin zukatansu. Sai ta lura da abu ɗaya: duk benen babu inda ake samun ruwa mai sanyi. Ta sayo kula ta ajiye, ba a baranda ba, can cikin ɗaki kusa da kujerarta. Aka fara shigowa shan ruwa. Mafi yawansu ƙishirwa ce ta gaske, su sha su yi godiya su tafi. Amma a cikinsu akwai wanda zai gama sha ya ƙi ajiye kofi, yana ta juya shi a hannu. Wannan shi take jira. Sai ta ce, "Zauna tukuna." Idan abokai suka tambaye shi me ya kai shi can, amsarsa a shirye take, ruwa ya je sha. Daga wannan kalma tata sunan ya bi ta, har sababbin ma'aikata ba su san tana da wani ba.

Ita ba ta taɓa gaya mini sirrin kowa ba. Bangon da ke tsakaninmu siriri ne, amma ta iya magana ƙasa-ƙasa, ga wata tsohuwar fanka mai ƙara da take kunnawa da gangan. Abin da na sani, daga bakin waɗanda suka zauna a kujerar na ji shi, bayan sun gama makaranta sun daina jin kunya.

Wata da yanzu take aikin jinya ta ce mini ranar da ta fara zuwa, ƙirjinta bugawa yake kamar zai fashe, ta tabbata mutuwa za ta yi. Anti ba ta tambaye ta me ya faru ba. Cika mata kofi ta yi, ta ce, "Riƙe da hannu biyu, 'yata. Kina jin sanyin? A wane yatsa ya fi? To, kurɓa kaɗan, kar ki haɗiye da sauri. Bi shi har ya sauka. Jarrabawar gobe ba ta cikin ɗakin nan. Babanki ma ba ya nan. Daga ni sai ke sai kofi." Ta ce kafin ruwan ya ƙare numfashinta ya dawo daidai, sai kuka ya zo, bayan kuka magana ta zo. Masana suna da dogayen sunaye ga wannan dabara ta tattaro hankali a dawo da shi inda jiki yake, kuma Anti ta karanta su duka, takardun shaidarta na nan cikin kabad ƙura ta rufe su. Ita dai cewa take, "Hankalin yaron nan ya tafi yawo jibi, bari mu kirawo shi gida."

Ba kowa ruwa da numfashi suke isa ba, ita ce kuma ta farkon faɗin haka. Wanda ya kamata ya ga likita, da ƙafarta mai ciwo take raka shi asibitin makaranta, ta zauna a benci har a kira shi. Wanda malami ya tasa a gaba, ta hau bene ta sami malamin. Ni kaina ta taɓa tare ni a kan wani yaro, ta wanke ni tas, sannan ta miƙo mini kofi.

A shekarun farko tana kulle ƙofarta kamar kowa. Wata rana mahaifiyarta ta kwanta asibiti, ta ɗauki hutu ta je jinya. Baba mai shara, wadda ta fi mu duka daɗewa a benen, ita ta ga abin da ya biyo baya. Ta ce da hantsi wata yarinya ta zo ta tsaya a ƙofar, ta kama kwaɗon tana dubawa. Ta tambaya, "Baba, Anti ba ta nan?" Baba ta ce ta je jinyar tsohuwarta, sai wani makon. Yarinyar ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, dama ruwa na zo sha." Baba ta nuna mata famfon ƙasa. Ina Baba za ta san abin da shan ruwa yake nufi a wannan ƙofa? Kafin Anti ta dawo, yarinyar ta kashe kanta.

Na ga ranar da Anti ta dawo. Baba ta faɗa mata tana kuka, ita kuwa ko hawaye ba ta yi ba. Ta shigo ofishina ta ce, "Ƙanena, kana da sukundireba?" Da hannunta ta kwance ƙarfen da ake maƙala kwaɗo, ta jefa a kwandon shara, ta samo bulo ta tokare ƙofar. Duk abin da yake sirri ta mayar da shi kabad mai makulli, ɗakin kuwa ta bar shi a buɗe. Tun daga ranar, ko tana nan ko ba ta nan, kujera na nan, ruwa na nan, Baba kuma ta koyi cewa, "Zauna tukuna, yanzu zan kira ta." An sace mata agogon bango, an sace butar shayi, an aiko mata da gargaɗi daga sama ya fi a ƙirga. Ko gezau.

Gidanta ne ya biya kuɗin wannan hali. Babbar 'yarta ta taɓa zuwa ɗaukarta, ta jira har ta gaji, ta shigo wurina tana huci. "Kawu, ka gaya wa yayarka 'ya'yan mutane sun cinye mana ita. Mu idan ta dawo gida ko sannu da ƙyar take iya amsawa. Babanmu ma ya ce zai sayi kofin silba ya zo ya bi layi." Muka yi dariya, amma idon yarinyar ya kawo ruwa. Ba ƙarya ta yi ba. Na sha ganin Anti bayan tashi daga aiki zaune cikin mota, ta kifa kai a sitiyari, ta kasa tayarwa.

Yaya, ke ce kika ɗauki kukan da iyaye ba su san 'ya'yansu na yi ba. Ke ce kika san wanda ya daina cin abinci, da wadda ta daina wanka, da wanda yake dariya fiye da kima. Mu malamai lambobi muke gani a takarda, ke kika san masu lambobin. Akwai likitoci da lauyoyi da iyayen yara da ke yawo a duniya yau, waɗanda da ba don kujerarki ba da tuni an manta da su, kuma ba a taɓa kiran sunanki a taron yaye ɗalibai ba ko sau ɗaya. Garkuwar marasa baki, ke kuwa wa ya taɓa ce miki zauna tukuna?

Da lokacin ritayarta ya matso, ta yi ta hawa da sauka tana roƙon a ɗauki wani ta koya masa aiki kafin ta tafi. Daga ƙarshe aka kira taro. Wani babba daga ofishin gudanarwa ya miƙe da fara'arsa ya ce an samo mafita ta zamani: akwai manhaja a waya da ke koya wa mutum numfashi da natsuwa, har da ƙarar ruwan sama a ciki, kowane ɗalibi zai sauke kyauta. Ɗakin kuma za a mayar da shi wurin ajiye tsofaffin kujeru. Ni na harzuƙa, na ce, "Ranka ya daɗe, manhajar za ta raka yaro asibiti?" Ya ce a bar wannan sai zama na gaba. Anti ta jawo hannun rigata ta zaunar da ni. Tambaya ɗaya ta yi, a hankali: "Idan yaro ya kashe wayarsa fa? Ai shi ne abin da suke fara yi." Sai aka wuce batun fentin katanga.

Akwai wani yaro da zan kira Dogo, ko da yake ba sunansa ba ne, kuma gajere ne. Yana ajin ƙarshe, ina koyar da shi. Tun da ya rasa ƙaninsa bara ya koma kamar inuwa, sai ya zauna a bayan aji yana kallon allo ba ya rubuta komai. Kusan kullum yana zuwa shan ruwa. Ban san me suke tattaunawa ba, amma na san ya fara aske gemu, ya fara amsa gaisuwa. Na kuma san cewa a makonninta na ƙarshe Anti ta kai shi wurin likita ta haɗa su, ta ba shi lambarta. Da na ce mata to ai shi ke nan, sai ta girgiza kai. "Likitan sau ɗaya a wata yake ganinsa. Waya kuwa, irin su Dogo ba sa kira. Ƙafarsu ce ke kawo su, su ma ba su san sun taho ba."

Ranar ƙarshe aka yi mata ɗan biki, aka ba ta agogon bango. Ta dube shi ta dube ni, muka kusa fashewa da dariya. Ba ta gama kwashe kayanta ba sai ga wani kafinta ya iso da sabon ƙarfe da kwaɗo. Ya ce, "Hajiya, a gafarce ni, aiko ni aka yi." Ta ce, "Yi aikinka, ɗana. Sha ruwa tukuna." Ya sha, ya hau bugu. Baba mai shara ta juya baya ta kama tsintsiya tana share inda ta riga ta share. Anti ta ɗauko kular da farantin kofuna ta dire a ofishina.

Na ce, "Yaya, ni lissafi na iya."

Ta ce, "Ba a ce ka iya komai ba. Ka cika kofi, ka rufe bakinka. Na san na biyun ne zai ba ka wahala."

Mun gode, Yaya. Allah Ya saka miki, Ya ba gwiwar nan lafiya, Ya mayar wa 'ya'yanki uwarsu. Ku kuma da ke karanta wannan, in kuna da yaro a makaranta, ku tambaya wa yake zuwa wurinsa ranar da duniya ta yi masa zafi. In kuna da iko a kan ɗaukar ma'aikata, ku ji tsoron Allah ku cike irin wannan kujera. In kuwa ba ku da komai sai ofishi da kujera, ku koyi lura da wanda ya gama sha bai ajiye kofi ba. Ina faɗa ne kawai, don na ga yadda ake jin irin wannan roƙo a tafa a watse.

Shekaranjiya da hantsi na ɗaga kai na hango Dogo a ƙofarta. Ya kama kwaɗon yana dubawa. Na fito da sauri har na ture kujera. Na ce, "Dogo, zo ka sha ruwa." Ya shigo. Na ce ya zauna tukuna, ya zauna. Ya riƙe kofin da hannu biyu kamar yadda aka koya masa, ya kurɓa. Sannan ya ce, "Malam, ruwan ba sanyi." Ban tuna da ƙanƙara ba. Na jira ya ƙara wata magana, ina ta cije harshe, ido ɗaya a kan agogo don aji na jirana. Shi ma ya ga ina kallon agogon. Ya ajiye kofin, ya yi godiya, ya fita.

Ofishina dole in kulle shi, akwai takardun jarrabawa a ciki. Na jawo kular na ajiye a baranda, na ɗora kofi a kai, na murɗa makulli na tafi aji. Jiya na zo da ƙanƙara tun da sassafe, na soke duk abin da zan yi na zauna. Yau ma haka. Dogo bai zo ba, kuma wayarsa a kashe take.