Wazirin da Aka Daina Gaisarwa a Saint-Fons

Shekara takwas ke nan da rasuwar babana, Malam Habu, wanda mutanenmu na Saint-Fons, a gefen birnin Lyon, suke kira Waziri. Kowace shekara dattawa suna taruwa a ɗakin Inna, su ci shinkafa, su yi addu'a, su ce Allah ya jiƙan mai haƙuri, mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma sun sani. Baba ya ɗaga murya sau ɗaya, a gabansu duka, shi ya sa ya mutu ba mai leƙo shi.

Sunan Waziri daga bakinsa ya fito. Tun yana saurayi a Damagaram, malaminsa na zaure ya ba shi labarin wani wazirin tsohuwar Farisa, mai hikima, wanda sarki ba ya yanke magana sai ya ji ta bakinsa. Wata rana sarkin ya fusata da shi, ya sa aka kulle shi cikin duhu har idanunsa suka mutu. Daga baya wata matsala ta gagari fada, aka fiddo makahon, shi ya warware ta. Baba ya ba mu labarin nan har muka gaji. Ni dai haushi yake ba ni. Na taɓa ce masa, "Baba, in ni ce, wallahi ba zan koma ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ke kam Rakiya ba za ki yi waziri ba, sai dai sarkin yaƙi."

Dattawa sun ɗauki labarin darasin haƙuri. Baba kuwa wani wuri yake tsayawa. Yakan ce a duba abin da ya kai wazirin kurkuku: ya san ran sarki zai ɓaci, ya faɗi gaskiya duk da haka.

Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Lyon wani Alhaji ne da ba zan kama sunansa ba. Baba ne na hannun damarsa, shi ke sasanta ma'aurata, shi ke raka baƙo asibiti. Alhaji yana samo wa samarin da suka iso aiki wurin wani ɗan kwangila mai wanke manyan tankunan masana'antu. Baba ya yi aikin nan shekaru, ya san abin da ya bar masa a ƙirji. Da ya ga ana tura samari ciki da ƙyalle kawai a hanci, ya miƙe a taron ƙungiya ya ce a daina. Alhaji ya ce, "Malam Habu, so kake 'ya'yan mutane su kwana da yunwa?" Baba ya ce, "So nake su kai shekaruna da numfashinsu."

Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa kawai aka janye. Ranar Juma'a mutanen da suka saba tsayar da shi su tambayi gida da gajiya da sanyi, sai su ɗaga hannu daga nesa su wuce. Ina 'yar lakwal lokacin, wato makarantar boko, nakan gan shi yana dawowa daga masallaci da wuri. Wazirin Farisa an koma an neme shi. Nawa ba a koma ba. Watannin da ya yi kwance a asibiti a Bron, ni da Inna ne muke hawan taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, muna kai masa kunu. Ranar jana'iza kuwa wuri ya cika maƙil.

Yanzu ina zaune a Sevran, kusa da Paris, ina aikin kula da tsofaffi cikin birnin. A jirgin ƙasa na safe nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Ina jin ba zai yi mamaki ba. Alhaji yana nan, ɗan kwangilar ya sake suna, biyu daga cikin samarin wancan lokaci ba sa iya hawa bene sai sun huta.

Makon jiya ƙanena Sani ya kira ni. Shekararsa ashirin, ya gaji da zaman banza. Ya ce, "Yaya, Alhaji ya samo mini aiki, albarkacin Baba." Na ce wane aiki? Sai ya ce, "Yanzu an gyara, akwai abin rufe fuska. Ke dai ba ki rabo da faɗa." Inna ta karɓi wayar ta ce in yi haƙuri irin na ubana.

Baba bai bar mana gida ba, bai bar mana mota ba. Magana guda ya bari, wadda ya faɗa a taro, yau ga shi ana son binne ta da sunan yabo, a kuma tura ɗansa cikin tankin da ya cinye masa huhu.

Asabar mai zuwa ce addu'ar bana. Na saba zama a madafa ina zuba abinci. Bana zan shiga ɗakin maza, in gaida Alhaji yadda ake gaida babba, in maimaita masa abin da Baba ya faɗa a gaban kowa. In sun daina gaishe ni, na ga yadda ake rayuwa a haka. Na riga na share wa Sani wuri a ɗakina, kuma ba zan hau jirgin Paris ba sai yana zaune kusa da ni.