Sunan Aikin Babana

Ina ƙarama a Zinder, idan aka tambaye ni aikin babana, da ƙarfi nake amsawa: boyi ne. A gidan wani Bafaranshe yake aiki, mai saya wa kamfani gyaɗa, kuma a unguwarmu ba a raina wannan aiki. Yana da farar riga mai maɓallai, ya iya gasa burodi, ya san yadda ake jera cokula. A zatona boyi muƙami ne, kamar sarjan ko alƙali. A lakwal, wato makarantar boko, Faransanci ake koya mana, ban taɓa cin karo da kalmar a littafi ba. Ranar Lahadi kuwa shi ke karatu a majami'a, ana ce masa dattijo, don gemunsa ya riga ya fara furfura.

Da na bar lakwal, inna ta kai ni koyon ungozoma wurin wata Baturiya 'yar mishan. Daga Amurka ta zo, Ingilishi ne harshenta, amma Hausarta ba laifi. Malama muke ce mata.

Wata rana da hantsi aka kawo wata mata daga Guna a kan jaki, naƙuda ta yi mata tsanani. Mun sha wuya kafin ta sauka. Da jaririn ya yi kuka, Malama ta ɗaga shi, murna ta sa ta manta da Hausa, ta ce, “Boy!”

Dariya ta kama ni. Na ce, “Malama, tun bai sha nono ba har kin ba shi aiki?”

Ta ce, “Wane aiki?”

“Kin ce boyi ne.”

Sai da muka gyara mai jego, muna wanke hannu, ta yi mini bayani. Ta ce a harshensu ma'anar kalmar ita ce yaro, ɗa namiji wanda bai girma ba. Uwa takan kira ɗanta da ita don ƙauna ko ya yi gemu. Tsofaffin abokai sukan kira junansu haka cikin raha. Har in mutum ya ga abin mamaki yakan furta ta, kamar yadda muke cewa kai.

Na ce, “To, babana fa? Ai ba ɗan mai gidansu ba ne, ba kuma abokinsa ba. Ya ma girme shi.”

Ta san babana, tana jin karatunsa kowace Lahadi. Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta daɗe tana goge hannu da tawul kafin ta ce, “A ƙasarmu ma akwai fararen da ke kiran manyan mutane baƙaƙe haka. Ba abu ne mai kyau ba.”

Duk wuraren da na taɓa faɗin aikin babana suka dawo mini: gaban malaminmu na lakwal, gaban baƙin da suka zo daga Kano suka kalli juna. Ashe sun ji abin da ni ban ji ba.

A makon nan inna ta aike ni wurin babana a gidan Bafaranshen, wai yayarsa ta iso daga Mirriya. Na bi ta ƙofar baya kamar kullum, na same shi yana guga. Muna cikin magana aka ƙwala kira daga baranda, kiran da na sha ji tun ina goye. Baba ya ajiye dutsen guga, ya gyara riga, ya nufi can da ɗan gudu-gudu. Ta taga na hango shi ya sunkuya yana ɗauko hular mai gidan da iska ta yar, shi kuma mai gidan ko ɗago kai bai yi ba. Ji na yi kamar an tuɓe mini zani a kasuwa. Kafin ya dawo na gudu gida.

Kwanaki na kasa haɗa ido da shi. Ko ruwa zan miƙa masa sai na kau da kai. Ran nan da la'asar yana gyaran danga, ya kira ni.

“Ɗiyata, me na yi miki?”

Na durƙusa na faɗa masa, ina kuka, a tunanina mummunan labari na kawo masa. Ya ci gaba da ɗaure kara.

“Na sani,” in ji shi. “Tun kafin a haife ki wani direba ɗan Kano ya gaya mini.”

“Kuma kake amsawa, Baba?”

“Ina amsawa.” Ya ja igiya ya ƙulle. “Na so dai ku kar ku sani.”

A nan na ga shi ma kunyar yake ji, kuma tawa ce ta tono tasa. Ba mu ƙara tada maganar ba.

Da aka samu mulkin kai, Bafaranshen ya koma ƙasarsu, gidan ya koma hannun wani babban ma'aikaci ɗan ƙasa, ya kuma riƙe babana. Idan su biyu ne, sabon mai gidan yakan kira shi Baba, har yana tambayarsa lafiyar iyali. Amma ranar da ya yi baƙi daga Yamai, a gabansu ya ɗaga murya ya kira shi da tsohon sunan. Baba ya kai musu abinci, ya jira suka gama, ya wanke kwanuka. Washegari bai koma ba.

Ya tafi Mirriya ya kama lambun da suka gada, yana noman albasa da rake. Mai gidan ya aiko sau da yawa a ba shi haƙuri, Baba yakan karɓi ɗan aiken da mutunci, ya cika masa kwando da albasa, ya ce a gaida mai gida. Ni na zauna a Zinder kan aikina, ina zuwa duba su, shi da inna, ranar kasuwa. A lambun nan ya ƙarasa sauran shekarunsa.