Ranar da Gwaggo ta je ganin fas fud

A bakin jikokinta Gwaggo ta fara jin kalmar. Yayar mahaifina ce, a gidanmu na unguwar Diguel ta tsufa, kuma ba ta barin sabuwar magana ta wuce ta ba ta juya ta ba. Wata la'asar ina wanke babur ta kira ni.

"Ɗan nan, mene ne fas fud? Faransanci ne?"

Na ce Turancin Ingilishi ne, ma'anarsa abinci mai sauri.

"Wa ke saurin? Mai dafawa ko mai ci?"

Ni kaina na sha ci, ban taɓa tambaya ba. Ta ce to in kai ta ta gani da idonta.

Ranar Asabar na goya ta a babur har unguwar Moursal, zuwa wani shago mai ƙofar gilashi. Tana shiga ta bi teburori tana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar mutan gida. Samari suka ajiye wayoyinsu suna amsawa cikin kunya. Kafin ta gama, an riga an kawo mana burodi mai nama a tsakiya da soyayyen dankali.

Ta taɓa naman ta ji zafi. Ta dubi mai kawo abincin, ta tambaye shi da Larabci yaushe aka yanka, yaushe aka niƙa. Ya yi dariya ya ce, "Faddali, Hajja," wato bismillah, ya shigar da mu ɗakin girki. Mai girkin ya buɗe firji. Ga nama an mulmula an jera, ga dankali an fere an yayyanka tun safe, ga albasa a roba.

Gwaggo ta daɗe tana kallo. Can ta ce da ni, "Ashe babu saurin komai. Wahalar ce aka sha tun kafin mu zo, aka ɓoye ta a nan."

Muka koma muka zauna. Ta raba burodin gefe, naman gefe, ta ci a natse har aka kira magariba. Naman bai burge ta ba, ta ce ba yaji. Dankalin kuwa ta sa aka ƙunsa mata. A hanya ta dafa kafaɗata ta ce gobe in biya kasuwa in sayo mata dankali da wuƙa mai kaifi.